Masai Ba Ya Toshewa Banza: Yadda Za A Gane Cushewar Bututun Gida Tun Kafin Ta Yi Ɓarna

Duk shekara idan damina ta kankama a Accra da Kumasi, musamman a watan Yuni, akwai wata matsala da ke shiga gidajenmu na zango wadda mutane ba su cika son faɗinta a bainar jama'a ba, saboda kunya. Matsalar kuwa ita ce a wayi gari a tarar masai ya ƙi wucewa, ko kuma ya dawo da abin da aka zuba masa, ƙazanta ta malalo har tsakar gida, wurin da ake alwala, ake ɗora tukunya, yara kuma suke rarrafe. Daga nan sai a shiga nuna wa juna yatsa. Mai gida ya ce 'yan haya ne, 'yan haya su ce ai ginin ne ba shi da kyau, matan gida kuma kowace ta ce 'ya'yan wance ne. Kafin a ankara zumuncin shekaru ya ɓaci, an kuma kashe kuɗin da ba a shirya ba.

Alhali kuwa wannan abu ba ya faɗowa daga sama rana ɗaya. Bututun da ya toshe yau ya daɗe yana ba da alamu, sai dai ba a san su ba, ko kuma an gani an kau da kai. Don haka ne muka ga ya kamata a wannan wata mu yi wa masu karatu bayanin yadda wannan hanya take aiki, da alamun lalacewarta, da abin da mutum zai iya yi da hannunsa, da kuma wanda bai kamata ya kusanta ba ko kusa.

Daga Bokiti Zuwa Masai Mai Ruwa

Dattawanmu a Nima da Maamobi da Sabon Zango ba su manta da zamanin masan bokiti ba, lokacin da masu kwasa ke bin bayan gidaje da dare suna ɗauka a ka. Sauran jama'a kuwa sai bin layin masan gwamnati da asuba, ciki har da irin wanda ake kira KVIP, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar Kumasi a shekarun 1970. A 2008 Kotun Ƙoli ta ƙasa ta umarci hukumar birnin Accra da ta kawar da masan bokiti. Sannan a 2013 aka amince da shirin tsafta da ruwa na Accra da kewaye, wanda aka fi sani da GAMA, da tallafin dala miliyan 150 daga Bankin Duniya, inda aka riƙa rage wa masu gidaje kuɗin gina masai a cikin gida. A 2020 aka faɗaɗa shirin ya kai Kumasi.

Wannan ci gaba ne babu shakka, domin kuwa ya rufa wa mata da tsofaffi asiri. To amma masai mai ruwa yana da nasa ƙa'idoji waɗanda suka sha bamban da na shaddar rami da muka saba. Shaddar rami tana haɗiye kusan duk abin da aka jefa mata har ta cika. Masai mai ruwa kuwa komai sai ya bi ta cikin bututu mai faɗin inci 4 kacal, ya yi kwana, ya yi tafiyar mitoci a ƙarƙashin ƙasa, kafin ya isa inda za shi.

Wani abin lura kuma shi ne, wurare kaɗan ne a ƙasar nan suke da babban bututun gwamnati mai kwashe ƙazantar gidaje, kamar Tema, da wani sashe na tsakiyar Accra, da Dansoman, da unguwar Asafo a Kumasi wadda aka yi wa nata a 1994. Galibin gidajen zango kowa da raminsa ne. Ma'ana, idan hanya ta toshe, nauyin yana kan mutanen gidan, babu wata hukuma da za ta zo ta buɗe musu kyauta.

Hanyar Da Ƙazanta Take Bi

Kafin a gane cuta sai an san jiki. A ƙasan kowane masai mai ruwa, na zama ne ko na tsuguno, akwai wani lanƙwasasshen wuri da ruwa ke kwanciya a cikinsa kullum. Amfanin ruwan nan shi ne ya tare wari da kyankyasai kada su hauro. Wannan lanƙwasa ita ce wuri mafi ƙunci, kuma nan ne abu yake fara maƙalewa.

Daga nan sai bututu ya fita bayan ɗaki ya faɗa cikin ɗan ƙaramin rami mai murfi, wanda magina ke kira cemba. A gidan da aka gina bisa ƙa'ida, akan sa cemba a duk inda bututu ya canja hanya, da duk inda bututu biyu suka haɗu, don a sami wurin leƙawa da zura sanda. Akwai kuma wani bututu da ke miƙewa sama ya wuce rufin ɗaki, wanda aikinsa shi ne fitar da iska mai wari da kuma shigar da iska don ruwa ya gudana ba tare da shaƙewa ba.

Ƙarshen tafiya shi ne babban rami mai siminti, wanda mutanenmu a nan suka fi kira manhol. Yawanci ɗaki biyu gare shi. Abu mai nauyi yana nutsewa ƙasa ya zama laka, mai da kumfa su taso sama, ruwan tsakiya kuma ya tsallaka zuwa sokawe, wato ramin duwatsu inda ƙasa ke tsotse shi a hankali. A cikin babban ramin akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke cin lakar suna rage ta. Suna ragewa ne kawai, ba sa ƙarar da ita, shi ya sa dole wata rana a kira motar yashewa.

Ke nan wurare huɗu ne matsala za ta iya tasowa: bakin masai, bututun ƙasa, babban rami, ko sokawe. Kowanne da maganinsa, kuma kowanne da kuɗinsa. Wanda bai bambance su ba shi ne zai biya mota ta yashe rami alhali ƙyalle ne ya maƙale a bututu, bayan kwana biyu a koma gidan jiya.

Alamun Da Ya Kamata A Kula Da Su

Alama ta farko ita ce jinkirin wucewar ruwa. Idan aka zuba ruwa ya taso har kusa da baki sannan ya sauka a hankali, to hanya ta fara ƙuncewa. Idan masai ɗaya ne kaɗai yake haka, sauran suna lafiya, matsalar tana wurinsa. Amma idan masai biyu ko uku, ko masai da wurin wanka, suka fara jinkiri a lokaci guda, to babban bututun da suka haɗu a kansa ne ya sami cikas.

Ta biyu ita ce ƙara. Idan aka zuba ruwa a wani wuri sai aka ji masai yana ɓulɓul kamar tulun da ake cikawa a rafi, iska ce ta rasa hanya take dawowa ta cikin ruwa. Wannan yana nuna ko bututun ƙasa ya fara cikewa, ko kuma bututun iska na saman rufi ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu.

Ta uku, kuma wadda ta fi kowace nuna haɗari, ita ce a zuba ruwa a masai ya ɓullo ta ramin wurin wanka. Ruwa idan ya rasa hanyar gaba, yakan nemi ƙofa mafi ƙasa ya fita. Shi ya sa a gidan bene mutanen ƙasa ne suke fara shan wahala, ko da kuwa abin da ya toshe hanyar daga sama aka jefo shi. Wannan ya kamata ya sa a rage saurin zargi, domin wanda ƙazanta ta ɓullo a ɗakinsa sau da yawa ba shi ne mai laifi ba.

Sauran alamun sun haɗa da warin ruɓaɓɓen ƙwai da ya ƙi barin tsakar gida, da damshin da ba ya bushewa a gindin bango ko a kan layin da bututu ya bi, da ciyawa mai kore shar a wuri ɗaya a tsakiyar rani, da ƙasa ko siminti da ya fara lotsawa, da yawaitar kyankyasai da ɓeraye ba tare da wani dalili ba. Irin waɗannan suna nuna bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa.

Yadda Za A Gano Wurin

Akwai hanya mai sauƙi wadda ba ta cin ko pesewa ɗaya. A dakatar da kowa daga amfani da ruwa, sannan a buɗe murafen cemba ɗaya bayan ɗaya, daga wadda ta fi kusa da masai zuwa wadda ta fi kusa da babban rami. A ɗaga murfin a hankali, a kau da fuska.

Idan cemba ta farko babu ruwa a kwance cikinta, alhali masai a cike yake, to toshewar tana tsakanin masai da ita. Idan wata cemba a cike take, ta gaba da ita kuma a bushe, to abin yana tsakaninsu. Idan kuwa dukkansu a cike suke, ruwan babban rami kuma ya haura ya rufe bakin bututun da ke shigowa, to ko mafitar ramin ta toshe, ko kuma sokawe ya daina shan ruwa.

A nan a lura da kyau. Ganin ruwa a babban rami kusa da baki ba shi ne cikarsa ba, domin haka aka yi shi ya zauna da ruwa har zuwa daidai mafitarsa. Abin aunawa shi ne lakar ƙasa. A sami doguwar gora, a naɗe ƙarshenta da tsohon farin ƙyalle, a zura har ƙasa, a jira 'yan mintoci a zaro. Baƙin da ya kama ƙyallen shi ne tsawon lakar. Idan ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan, lokacin yashewa ya yi. A ƙaramin gida wannan yakan ɗauki shekara 3 zuwa 5, amma a gidan haya mai ɗakuna goma ko fiye abin yakan zo da wuri ƙwarai, don haka a riƙa aunawa kowace shekara kafin damina.

Idan kuma aka yashe rami, bayan 'yan makonni masai ya sake dawo da ruwa, kada a ce masu motar sun yi ha'inci. Sokawe ne ya mutu, ko dai saboda laka da maiƙo sun tsallaka sun liƙe ƙofofin ƙasa, ko kuma ruwan ƙasa ya taso. Haka nan idan matsalar ba ta zuwa sai an yi ruwan sama mai yawa, a duba ko ruwan indararo ko na tsakar gida yana shiga cemba ta fasasshen murfi.

Abubuwan Da Ke Toshe Hanya

Idan aka tambayi duk mai gyaran famfo abin da yake zarowa daga bututun gidajen zango, lissafin kusan ɗaya ne: ledar fiyawata, famfas ɗin jarirai, audugar mata, tsumma, takardar jarida, totuwar masara, ganyen dokunu, gashin kitso, murfin buta, da kayan wasan yara. Babu ko ɗaya cikinsu da ke narkewa a ruwa. Takardar bayan gida an yi ta ne don ta wargaje da zarar ta jiƙe, amma takardar jarida da ta littafin makaranta ba haka suke ba. Haka kuma jiƙaƙƙun tsummokin goge jarirai da ake sayarwa a fakiti, da yawansu akwai zaren roba a ciki, suna iya shekara a bututu ba su ruɓe ba.

Al'adarmu ta tsarki da ruwa a buta alheri ce ga bututu, domin ba ta barin komai a ciki. Sai dai akwai gyara. Ruwan buta ɗaya ya isa tsarki, amma bai isa ya tura ƙazanta har babban rami ba. Tankin masai na zamani yana sakin wajen lita 6 a lokaci guda, tsofaffin kuma lita 9 ko fiye, kuma ƙarfin saukar ruwan gaba ɗaya shi ne yake yin aikin. A ranakun da famfo ya ɗauke, idan kowa ya riƙa zuba ɗan ruwa kaɗan, ƙazanta takan tsaya a tsakiyar hanya ta bushe, ta bayan ta ta zo ta taru a kanta. Saboda haka a ajiye bokiti a ƙofar masai, a riƙa juye ruwan da ƙarfi a tashi ɗaya. Ruwan ɗaurayar wanki ya wadatar, ba sai mai kyau ba.

Abu na gaba shi ne maiƙo. Gidajenmu da yawa gidajen sana'a ne, ana dafa waakye da tuwon zafi, ana suyar ƙosai da kifi don sayarwa. Manja da kitsen nama suna shiga bututu a narke, da sun huce sai su daskare a jikinsa kamar kyandir, su riƙa kama gashi da shinkafa da yashi, har hanyar inci 4 ta koma kamar ta yatsa. Yashi da tokar da ake goge tukwane da su kuwa nauyi gare su, sukan kwanta a ƙasan bututu su ƙi motsi. A kwanakin Babbar Salla abin yakan ninka, saboda wankin tumbi da hanji da suyar nama. Kada wani ya raina wannan. A 2017, a unguwar Whitechapel ta birnin Landan, ma'aikata sun tarar da dunƙulen kitse da tsummoki mai nauyin tan 130 da tsawon mita 250 ya toshe babbar hanyar ƙazanta. Idan maiƙo ya iya yin haka a hanyar da mutum zai iya shiga, ina ga ɗan bututun gidanmu?

Maganin shi ne a bar mai ya huce a juye shi a gwangwani a kai bola, a share tukunya da takarda ko ganye kafin a wanke, a kuma sa raga a bakin magudanar wurin wanke-wanke. Mai sana'ar abinci ta sa magini ya yi mata ƙaramin rami mai tare maiƙo kafin ruwan ya shiga bututu, ta riƙa kwashe na sama duk mako.

Sai kuma saiwar itace. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saiwar darbejiya da mangwaro da ceɗiya tana bin damshi, da ta sami 'yar kafa a mahaɗin bututu sai ta shiga siririya kamar gashi, ta yi kauri a ciki, ta zama raga mai kama duk abin da ya zo wucewa. Alamarta ita ce a buɗe hanya yau, bayan wata biyu ko uku ta sake toshewa a daidai wurin. Yanke saiwar kawai ba ya magani, sai an haƙa an canja wannan sashe na bututun.

Tun Ran Gini Ran Zane

Toshewa da yawa tun ranar gini aka shuka ta. Bututun ƙazanta ba shi da injin turawa, gangara ce kaɗai take tafiyar da shi. Ƙa'idar da magina suka fi bi ita ce ɗaya cikin arba'in, wato a kowace mita 4 bututu ya sauka da santimita 10. Idan aka shimfiɗa shi a miƙe ba gangara, ko kuma ƙasa ta lotsa ya yi ciki a tsakiya, ruwa zai riƙa kwanciya, ƙazanta ta taru. Ya kamata a shimfiɗa masa yashi a ƙasa da sama, a binne shi da zurfi, musamman inda mota ke bi ko tsayawa, a kuma guji kwana mai kaifi. Bututun roba mai araha, marar kauri, yakan lotse da nauyin ƙasa kaɗai. Araha dai ba ta ado.

Wata ɗabi'a da ta yawaita a zango, saboda ƙarancin fili, ita ce gina sabon ɗaki ko shago a kan cemba, ko a shafe murfinta da siminti a sa tayil. Ranar da hanya ta toshe, sai an fasa ɗakin wani kafin a kai gare ta. Duk mai ƙara gini ya bar murafen a buɗe, ya kuma bar hanyar da tiyon motar yashewa zai iya kaiwa babban rami.

Haka nan a kula da rijiya. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin sokawe da rijiya ko burtsatse. A unguwanni masu cunkoso wannan yana da wuya, don haka duk gidan da rijiyarsa ke kusa da sokawensa ko na maƙwabci, kada a sha ruwanta sai an tafasa ko an sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Gidajen da aka yi wa ƙaramin akwatin nan da ake kira bayodaijesta, wanda ya yaɗu a zamanin shirin GAMA, su san cewa nasu ya bambanta. A cikinsa ƙazanta tana zama ne a kan matata, ruwa ya tsiyaye ya fita, ƙananan halittu kuma su cinye abin da ya rage. Yana buƙatar iska, kuma ba ya son ambaliya. Kada a haɗa masa ruwan wanka ko na wanki, kada a cika masa magungunan wanke masai masu ƙarfi, kuma leda ko famfas guda ɗaya na iya liƙe matatar.

Abin Yi Da Abin Bari

Idan masai ya toshe, abu na farko shi ne a daina ƙara masa ruwa. A sa safar hannu ta roba, a gwada robar nan mai mariƙin sanda da ake dannawa a bakin masai, a tabbata ruwa ya rufe ta, a danna a ja sau da yawa. Idan maiƙo ake zargi, a zuba sabulun ruwa da ruwan ɗumi a jira rabin sa'a. Kada a zuba tafasasshen ruwa, yana iya fasa tangaran ya kuma lanƙwasa bututun roba. Idan toshewar tana tsakanin cemba biyu, akwai sandunan da ake ɗaura su da juna a zura. A riƙa murɗa su ta hannun dama kawai, domin idan aka juya hagu sai su kwance su zauna a ciki. Kada a yi amfani da rodi, yana huda bututu. Idan aka gwada haka bai yi ba, a kira mai gyaran famfo, a kuma tsaya a ga abin da ya zaro, domin shi ne zai nuna inda gyaran hali yake.

Game da soda mai ƙuna da asid da ake sayarwa a kasuwa, a yi hattara. Ba sa narkar da leda ko saiwa, suna ƙona fata, suna makantar da ido, suna kuma kashe halittun da ke aiki a babban rami. Mafi muni shi ne haɗa bilic da asid, domin suna fitar da iska mai guba wadda za ta iya shaƙe mutum a cikin ƙaramin ɗaki. Duk wanda ya riga ya zuba wani magani, ya gaya wa mai gyara kafin ya sa hannu. Kananzir da baƙin mai da wasu ke zubawa don kashe wari su ma ɓarna suke yi.

Gargaɗi mafi girma shi ne wannan: kada kowa ya shiga babban rami, ko da an yashe shi, ko da waya ce ko kuɗi suka faɗa. Akwai iskar da ke taruwa a ƙasansa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa takan kashe jin warin hanci, mutum ya zaci babu komai, sai kawai ya faɗi. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma a can yake zama. Idan wani ya faɗa, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 192 ko 112. Kada kuma a kunna ashana ko sigari a bakin ramin, domin akwai iska mai kama wuta. Murfin da ya tsage a canja shi nan da nan saboda yara.

Bayan an buɗe hanya, a kwashe ƙazantar da ta malala, a wanke wurin da sabulu, sannan a bi da ruwan bilic, kofi ɗaya a bokiti mai lita 20. Tabarma ko katifar da ta jiƙe sosai gara a rabu da ita. A hana yara wurin har ya bushe, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu.

Haƙƙin Maƙwabci

Akwai masu jiran dare ko saukar ruwan sama su buɗe raminsu su sake shi cikin kwata, don gudun kuɗin mota. Wannan laifi ne a dokokin hukumomin gari, kuma ma'aikatan duba-gari, waɗanda aka fi sani da tankas, suna iya kai mutum kotu a kansa. Ko babu doka ma, zalunci ne. Abin da aka saka a babbar kwatar Nima yana gangarawa kogin Odaw ya faɗa tafkin Korle, yana bi ta ƙofar dubban mutane, kuma idan kwata ta cika gidajen na ƙasa yake shiga. Ba mu manta da 2014 ba, shekarar da kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 240, akasarin masu cutar kuma a Accra da kewaye suke. A ƙarshen 2024 ma cutar ta sake ɓulla a yankunan bakin teku. Tun 2016 aka buɗe matatar ƙazanta a Lavender Hill, inda a da motoci ke juyewa kai tsaye cikin teku, saboda haka akwai wurin da ya dace a kai.

Maganar kuɗi kuwa, gara a yi ta tun ana dariya. A bisa al'ada, gyaran gini, kamar fasasshen bututu da mataccen sokawe, na mai gida ne, abin da sakaci ya jawo kuma na masu amfani ne. Gidan haya ya zauna ya yanke yadda za a raba kuɗin yashewa, a rubuta, a riƙa tara ɗan abu kowane wata kamar yadda ake zubin susu, a kuma rubuta ranar da aka yashe a jikin bango. Idan an kasa daidaitawa, akwai liman da sarkin zango, akwai kuma ofishin kula da haya na gwamnati.

A ƙarshe muna kira ga iyayenmu mata da su ajiye kwandon shara mai murfi a cikin kowane masai, domin yawancin abin da ake jefawa rashin wurin sawa ne da kunya suke jawo shi. Malaman makarantun allo da na Islamiyya su koya wa yara abin da ake zubawa da wanda ba a zubawa, kamar yadda suke koya musu tsarki. Masu gidaje kuma, kafin ruwan Afrilu ya sauka, su buɗe cemba su leƙa, su auna lakar rami, su duba bututun iska. Aikin sa'a ɗaya ne, rigakafi kuwa ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.